An haife ni a tsibirin nan, amma an ce baƙo ba ya rabon ƙasa

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga wani ƙaramin tsibiri a Tafkin Chadi, ɓangaren Bol. Mahaifina mutumin Argungu ne, kamun kifi ne ya kawo shi nan tun yana saurayi. Nan aka haife ni, nan kuma muka binne shi. Ni ma sana'arsa na gada, ina da kwale-kwale mai inji, ina kuma yin banda. Da fitinar Boko Haram ta tsananta aka kwashe mu zuwa Baga Sola, da hankali ya ɗan kwanta ina cikin waɗanda suka fara komawa. Bana da ruwa ya janye, sabuwar ƙasa ta fito a gabashin tsibirin, aka taru a ƙofar bulama don rabo. Na miƙe na ce a ba mu kaso daidai da kowa, a kuma sa ɗaya daga cikinmu Hausawa a cikin masu rabon. Sai wani dattijo Buduma, wanda tun ina yaro baba nake kiransa, ya ce a gaban jama'a: "Baƙo raɓa ne. A ba shi ya noma, amma baƙo ba ya rabon ƙasa." An ba ni gona, amma aro. Tun ranar ban sake zuwa gaishe shi ba, barci ma ya ƙaurace mini. Uwargidana ta ce mu sayar da komai mu koma Argungu inda na gina gida, alhali can ma "ɗan Chadi" suke ce mini. Malam, ni ɗan ina ne? In haihuwa da kabarin uba ba su isa ba, me zai isa?

Ɗan Masunci, daga Tafkin Chadi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa, ya kuma kawo muku zaman lafiya mai ɗorewa a tafkin nan.

Kai ɗan tsibirin nan ne. Ba na ko tantama a kan wannan, kuma ba don in sanyaya maka rai na faɗa ba. Sai dai ranar da ka miƙe a ƙofar bulama, tambayoyi biyu ka haɗa a baki ɗaya. Ta farko, shin ni na nan ne? Ta biyu, shin ina da hannu a rabon ƙasar nan? Dattijon ta biyun ya tashi amsawa, sai ya ɗauko kalmar da ta soke ka a ta farko. Wannan laifinsa ne, kuma laifi ne babba a ce wa yaron da ya tashi a gabanka raɓa, a bainar jama'a. Kai kuma ka ɗauka sai an ba ka ta biyu sannan ta farko za ta tabbata, kuma wannan ne ya hana ka barci.

Kafin ka yanke masa hukunci, ka ɗan tsaya inda yake tsaye ka duba tafkin da idonsa. Buduma, waɗanda suke kiran kansu Yedina, sun daɗe a tsibiran nan tun kafin a san da ƙasa mai suna Chadi ko Najeriya. Daular Barno da ƙarfinta ba ta iya tanƙwara su yadda take so ba, domin ruwa da ciyawa sun zame musu ganuwa. Lokacin da wani matafiyi Bajamushe mai suna Overweg ya shiga tafkin da jirginsa a 1851, su ya tarar a tsibiran, da jiragensu na ciyawa da shanunsu na Kuri masu kaurin ƙaho, waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo. A wurinsu babu tsibirin da ba shi da mai shi. Ko wanda ruwa ya shanye shekara da shekaru, an san na zuriyar wane ne, ranar da ya fito kuwa masu shi na nan suna jira. Abin da kai ka kira sabuwar ƙasa a gabashin tsibirinku, mai yiwuwa a wurin dattijon nan tsohuwar makiyayar kakansa ce ta dawo.

To ka duba abin da ya gani a tsawon rayuwarsa. A 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, kudu da arewa, farin 1984 kuma ya ƙafar da na arewan. Kusan duk ruwan tafkin daga kogin Shari da Logon yake zuwa, in damina ta gaza can kudu sai gaɓa ta ja da baya tafiyar kilomitoci. Wannan ja da bayan shi ya tara kifi a wuri kaɗan, ya kuma buɗe ƙasa mai danshi a lokacin da ko'ina ya bushe, sai duniya ta kwararo: Kabawa irin mahaifinka, mutanen Haɗeja, Jukunawa, Barebari, Kotoko, masunta daga Mali. Suka zo da komar roba, da kwale-kwalen katako, da inji, da gura da ake jerawa a yi dumba a tare hanyar kifi. Suka zo da jari, suka san hanyar kai banda Doron Baga da Maiduguri har ta dangana da kudancin Najeriya. Ba sata suka yi ba, guminsu suka ci, tafkin ma ya amfana da su. Amma a ƙarshe, sau da yawa, mai inji baƙo ne, mai sayen kifi baƙo ne, mai ba da bashin koma baƙo ne, kasuwa ma da Hausa ake cinta.

Sannan ga 2015. Ka fi ni sanin yadda aka kwashe mutane daga tsibirai, da yadda bam ya tashi a Baga Sola a watan Oktoba na shekarar. Wahalar ta shafi kowa, amma Buduma sun sha wata ƙari a kai: zargi. An riƙa yi musu kuɗin goro ana cewa su ne masu nuna wa 'yan bindiga hanyar ruwa, alhali su ma an kashe nasu, an kore musu shanu. Da yawansu sun zauna a sansani da fargabar cewa kafin su koma wasu sun zaune musu tsibirai. Mutumin da aka yi wa haka, abin da ya rage a hannunsa wanda ba a saya da kuɗi shi ne ya taka ƙasa mai laka da sandarsa ya ce daga nan zuwa can na wane ne. Wannan sandar ka nemi a raba da kai. Ruwa ba ya tsami banza, ƙanena. Ina kyautata zaton tsoro ne ya yi magana a bakinsa, ba ƙiyayyarka ba.

Kuma ba a tsibirinku aka fara wannan gardama ba. Darak, wani gari a tafkin nan, na nan kusa da ku. Masunta daga Najeriya ne suka bi ruwa suka cika wurin, har hukumomin Najeriya suka riƙa tafiyar da shi shekaru. Da magana ta je Kotun Duniya, hukuncin 10 ga Oktoba 2002 ya ce yawan mazauna da daɗewarsu ba sa canza mai ƙasa, Darak ta Kamaru ce. A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a yankin. Duk da haka mutanen da suka zaɓi zama sun ci gaba da zamansu, suna su, suna aure, suna binne matattunsu, kuma ba wanda zai ce yaron da aka haifa a can ba ɗan Darak ba ne. Mallakar asali daban, zama ɗan wuri daban, ko a gaban alƙalai.

Yanzu ga tambayarka ta ainihi, me ke sa mutum ya zama ɗan gari. In jini ne kawai, da rabin birnin Kano baƙi ne. Ka shiga cikin ganuwa ka ji sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Agadasawa, Dandalin Turawa. Kakannin mutanen nan daga Barno da Nupe da ƙasar Yarbawa da Agadas da Arewacin Afirka suka zo, yau kuwa wa zai ce musu ba Kanawa ba ne? Ba da takarda suka zama ba, ba kuma da gardama a fada ba. Harshen gari suka ɗauka, suka ba da 'ya'ya aka ba su, aka yi makoki da su, dukiyarsu ta zauna inda suke zaune. (Mu Hausawa mun fi kowa sanin daɗin wannan da zafinsa. Muna kuka in an ce mana baƙi a Sabon Ibadan ko zangon Kumasi, amma mu ma mukan yi jinkirin buɗe ƙofa ga wanda aka haifa a Sabon Garinmu.)

A birni mutum na iya shekara 40 ba a auna shi ba. A ƙaramin tsibiri ma'aunin a fili yake, domin kowa ya san kowa, ƙasa kaɗan ce, kuma babu inda za a je sai ta ruwa. Ka ɗauki dare ɗaya cikin sanyin Disamba, ruwa ya cika, mace na naƙuda haihuwa ta gardama, unguwarzoma ta ce sai an kai ta asibiti a Bol. Mijin ya fito da tocila yana rawar jiki. Ƙofar wa zai buga? Akwai mai inji da za a yi wa sallama a tsaya ana lissafin kuɗin mai tukuna. Akwai wanda za a buga wa ƙofa ba ko sallama, ya fito yana ɗaura wando, ya ɗauki jarkar man da ya tanada don kamun gobe, a shimfiɗa tabarma a cikin jirgi, ya bi ta cikin ciyawa a duhu domin ya san inda dorina ke kwana da inda hanya ta toshe bana. Na biyun nan ɗan gari ne, ko daga ina ubansa ya fito. Ɗan gari shi ne wanda gari ke da haƙƙi a kansa, yake kuma jin nauyin haƙƙin ba tare da an tuna masa ba.

Da wannan ma'auni nake so ka auna kanka, kai kaɗai, ba a gaban kowa ba. Wasiƙarka ta nuna mini abubuwan da suke gefenka, kuma masu nauyi ne. Ka koma lokacin da komawa ke da haɗari. Raɓa ba ta yin haka. Mahaifinka na kwance a tudun da ake binne nasu, a tsibirin da busasshiyar ƙasa ke da tsada, kuma mutanen da suka ba shi wurin kwanciya sun riga sun amsa wani abu game da ku ko ba su furta ba. Ka kuma tashi kana ce wa dattijon nan baba, bai taɓa hana ka ba.

Amma akwai abin da wasiƙar ta yi shiru a kai, ni kuwa ba zan yi ba. Da wane harshe ka yi magana ranar taron? In shekarunka duka a tsibirin ba ka iya zama ka yi hira da tsohuwar Buduma da harshenta ba, sai dai ita ta lallaɓa Hausa don ta sayi gishiri a wurinku, to ka san akwai ƙofar da kai ne ba ka shiga ba, ba rufe maka aka yi ba. Mu Hausawa harshenmu ya shagwaɓa mu, duk inda muka je ana jinmu, sai mu manta cewa koyon harshen mai masauki girmamawa ce. Masana harsuna ma sun ce Hausa da Buduma 'yan gida ɗaya ne, dangin harsunan Chadi, ko da yake nisan ya yi yawa ba a jin juna.

Sai gidan Argungu. Ba laifi ba ne mutum ya gina gida a garin ubansa, musamman mai zaune a wurin da ruwa ke ci, fitina ke kora. Amma ka sani mutanen tsibirin suna gani. Suna ganin kwalin banda na fita, suna jin labarin bulo da kwano na hawa a wani gari mai nisa, a nan kuwa ɗakin zana ne. Duk wanda ya ga haka zai ce wannan ƙafarsa ɗaya a jirgi take. Ka ce a raba ƙasa da kai daidai da kowa, shi kuma dattijon yana tambayar kansa: in na ba shi mallaka, ranar da ya tashi wa zai sayar wa? Sannan ka lura da yadda ka faɗi buƙatarka: "ɗaya daga cikinmu Hausawa." Da bakinka ka ja layi tsakanin mu da ku, a daidai lokacin da kake neman a ce duk ɗaya ne. Ba na ce ka bar Hausancinka ba, Allah ya kiyaye. Ina nuna maka yadda maganar ta faɗa a kunnensa ne.

Akwai abin koyi a zuwan Muhajirai Madina. Da Sa'ad ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa kasuwa. Bai fara da neman abin da ke hannun masu gari ba, kuma wannan bai rage masa komai ba a zamansa ɗan Madina.

Abin da nake ba ka shawara, ka fara da gaisuwar da ka yanke. Kowace safiyar da ba ka je ba tana gaskata maganarsa a idon mutane, ana cewa ga shi nan, kalma ɗaya ta ɗauke shi. Ka sayi sukari da ganyen shayi, ka je bayan la'asar lokacin da ba taro, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Kada ka je da hujjoji. In an sha shayi, ka ce masa: "Baba, maganar ranar nan ta yi mini ciwo. Ni ban san wani gida ba sai nan, kai ka ga tashina, kuma da kai aka binne mahaifina. Ban zo ƙwace maka sanda ba, na zo ne in ji matsayina daga bakinka." Sannan ka yi shiru ka saurara, ko da ya ɗauko tarihi tun daga kakan kakansa. In ka iya faɗin ko jimla biyu daga ciki da harshensa, ka faɗa, ko za a yi dariyar karyewar harshenka. Dattijo ba kasafai yake janye magana a gaban jama'a ba, amma yana da hanyoyinsa na gyara ta: ya aike ka wani muhimmin saƙo, ya zaunar da kai kusa da shi a wurin ɗaurin aure, ya ce "ɗana" inda kowa zai ji. In ka ga haka, ka karɓa, kada ka tsaya jiran kalmar ban haƙuri.

Game da gonar kuwa, ka bar neman kujerar masu rabo, ka nemi abin da zai kare guminka. Aro ba abin kunya ba ne, abin tsoro shi ne aron da ba shi da sharaɗi, wanda za ka share ciyawa, ka tsuga masara da wake a baƙar ƙasa mai danshi, sai ta yi kyau a ce mai ita na so. A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ka roƙi bulama a faɗi sharaɗin a gaban liman da shaidu daga ɓangarorin biyu: ba za a karɓe ba kana da shuka a ciki, kai ne farkon wanda za a ba in ruwa ya sake janyewa baɗi, kuma ga abin da za ka riƙa bayarwa bayan girbi, a san adadinsa. In akwai mai rubutu a rubuta. Ba laifi kuma ku nemi wakilinku ya riƙa halartar rabo a matsayin shaida, yana gani yana ji. Wannan buƙata ce da dattawa za su iya amsawa ba tare da sun ji an tuɓe musu rawani ba.

Akwai kuma wuraren da muryarka ta kai ta kowa, har ta fi ta wasu: inda za a kafa dumba da inda za a bar wa ƙananan masunta, girman idon koma don kada a kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa, kuɗin da ake tarawa don man jirgin marasa lafiya, malamin da zai zauna ya koyar da yara. Ka shiga waɗannan da jikinka da aljihunka. In kana ba masunta Buduma bashin koma, ka duba farashin da kake karɓar kifinsu, domin ba a zama ɗan'uwan mutum da rana a zama mai shaƙe shi da dare. Yaran da kake ɗauka aiki a jirgi da wurin banda, kada su zama Hausawa zalla. 'Ya'yanka kuma ka bar su su yi wasa da nasu har harshen ya zauna musu, ka kuma nema musu takardun haihuwa a hukumance tun yanzu, don kada wata rana a tsayar da su a shingen jami'an tsaro su rasa abin nunawa. Irin matsayin da kake nema sau da yawa a kan jikoki yake cika, kamar yadda ya cika wa mutanen unguwannin Kano da na ambata.

Uwargidanka kuma kada ka ɗauki maganarta ta rauni. Ita ma an kwashe ta, ita ma ta kwana a sansani, kuma har yau tafkin bai gama lafawa ba. Ka zauna da ita ka tambaye ta tsakani da Allah: maganar dattijo ce ta sa take son tafiya, ko tsoron dare ne da ta daɗe tana haɗiyewa? In tsoro ne, kuma kai ma ka san hanyoyin ruwanku ba su da aminci, to tsare rai ya fi gona, ku tashi, ba wanda zai zarge ku, kuma tafiyar ba za ta kankare sunanka daga tsibirin ba. In kuwa fushi ne, naka ko nata, kada ka sayar da inji da jirgi a kansa. Mai sayarwa cikin fushi a araha yake sayarwa, kuma kifin kogin Argungu ba zai ɗauki irin jarin da ka saba juyawa a tafki ba. Ku ba kanku lokaci, ruwa ya cika ya sake janyewa, ka girbe abin da ka shuka a gonar aron, ka ga yadda rabon baɗi zai kasance bayan ka yi abin da na faɗa maka. Gidan Argungu ka sa ɗan haya ko wani ɗan'uwa a ciki, kuɗin da zai fito ka fara gyara ɗakin da iyalinka ke kwana a tsibirin.

Ka sake rubuto mini bayan ka je wurin dattijon, ina so in ji abin da ya ce maka. Allah ya daidaita tsakaninku.